Idan man mota bai isa ba, ƙarar wa 'yan sanda za su fara bi?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka san aikin ɗan sanda daga ciki za su taimaka da abin da suka sani.

A makon jiya ɓarayi suka haura gidan wata maƙwabciyarmu a nan Sakkwato da tsakar dare. Tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da jikoki uku marayu, kuma idonta ɗaya ba ya gani sosai. Suka kwance injin markaɗen da take samun abin sawa a bakin salati da shi, suka haɗa da awakinta biyu. Da gari ya waye na goya ta a babur muka tafi caji ofis. Ba zan ce an wulaƙanta mu ba, domin ɗan sandan da ke kan kanta ya ba ta benci ta zauna, ya kira ta Inna, ya saurare ta har ta gama. Sai dai takardar da aka rubuta bayaninta a kai ni na fita na sayo, kuma da na tambayi lokacin da za a je a duba gidan, sai aka nuna mini motar sintiri guda ɗaya da ke harabar ofishin aka ce babu mai a cikinta. Muna nan zaune wani mutum ya shigo cikin babbar riga yana ƙorafin cewa wani ya ci bashinsa ya ƙi biya, kuma kafin mu tashi 'yan sanda biyu sun shiga motarsa sun tafi kamo wanda ake bi bashin.

Ana ta cewa an rage wa 'yan sanda kuɗin aiki, kuma abin da na gani da idona bai ƙaryata hakan ba. Tambayata ita ce: idan kuɗin ba zai isa a bi ƙarar kowa ba, shin ya dace a fito fili a kafa ƙa'ida cewa masu rauni, wato tsofaffi da yara da zawarawa da naƙasassu, su za a fara saurara, sauran jama'a su bi layi? Zuciyata ta karkata ga hakan, musamman idan na tuna huɗubar Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a, inda ya ce mai rauni a cikinsu shi ne mai ƙarfi a wurinsa har sai ya karɓo masa haƙƙinsa. Amma kuma ina tsoron kada ya zama an gyara wani zalunci da wani, tunda doka ta ce kowa daidai yake a gabanta.

Tsohon Sufeto, Runjin Sambo, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara 35 na yi cikin kaki, a ofisoshin gari da na ƙauye, kuma abin da ka gani ranar nan na gan shi fiye da yadda zan iya ƙirgawa.

Bari in fara da gyara kaɗan. A takarda kasafin 'yan sanda ba raguwa yake yi ba, kusan kowace shekara adadin ƙaruwa yake. Abin da ya ragu shi ne abin da kuɗin ke iya saye. Mafi yawan kasafin albashi ne, kuma ɗan abin da ya rage na gudanar da aiki sai ya fito daga hedikwatar Abuja ya bi ta hannuwa da yawa kafin ya iso teburin DPO, in ma ya iso. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Motar sintiri ba ta san an ƙara kasafi ba, lita take sha. A 2019 an kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da doka ta ware wa rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, gwamnatocin jihohi kuma suna sayen motoci duk da cewa sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya sa rundunar ta zama ta tarayya ita kaɗai. Amma sayen mota a yi bikin miƙa makulli abu ne na rana ɗaya, zuba mata mai da sauya mata taya kuwa na kullum ne, kuma babu mai ɗaukar hotonsa.

Game da tambayarka, ina so ka gane cewa zaɓen wanda za a fara saurara ba abu ne da za a fara yau ba. Ana yin sa kullum a kowane caji ofis, sai dai aljihu ne ke yin sa. A zamaninmu jerin ba a rubuce yake ba amma kowa ya haddace shi: wanda aka bugo waya daga sama saboda shi, sai wanda ya zo da motarsa ko da kuɗin mai, sai wanda ya san wani a cikinmu, sannan sauran bayin Allah. Saboda haka idan aka ce a fifita mai rauni, ba daidaito aka rushe ba, domin tun asali babu shi. An dai musanya ma'aunin da ake ɓoyewa da wanda za a iya faɗa a gaban jama'a ba tare da jin kunya ba.

Mai babbar rigar da ka gani ma bai kamata a bi shi ba sam. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda rigimar da ba ta laifi ba ce ko saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta riga ta faɗi haka a sashenta na 8. Bashi aikin alƙali ne. Da za a daina karɓar ƙarar bashi da rikicin haya da na filaye a caji ofis, da lokacin da za a samu ya isa a duba gidan Inna sau uku. Haka kuma batun masu gadin manya: a 2018 shugaban hukumar kula da ayyukan 'yan sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce sama da 'yan sanda 150,000 ne ke biye da manyan mutane, a rundunar da ba ta kai mutum 400,000 ba. An sha ba da umarnin a janye su, ni kaina na ji irin wannan sanarwa daga bakin shugabanni da dama tun ina cikin aiki.

Abin da nake jin tsoro shi ne ƙa'idar ta tsaya a bakin kwamishina. Idan ana son ta yi aiki, dole a rubuta a littafin ƙara lokacin da mutum ya shigo da lokacin da aka je wurinsa, kuma wani daga waje ya riƙa duba littafin. In ba haka ba, ƙaramin ɗan sandan da ke da iyali a bariki, wanda wani lokaci daga aljihunsa yake zuba mai a babur don ya kai takardar gayyata, zai ci gaba da bin wanda ya sauƙaƙa masa tafiyar. Ni ma na yi haka, Allah ya yafe mana.

Malama daga Arkilla ta amsa:

Amin, Baba, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da zan ƙara shi ne, duk wanda ya iya isa kan kantar caji ofis ya riga ya fi wasu ƙarfi. Inna ta samu maƙwabci mai babur. Akwai waɗanda ba su da shi, akwai kuma waɗanda mai babur ɗin ne ya cuce su.

Ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe, jinkiri ba ɓacin rai kawai yake jawowa ba. Maganin da ke kare ta daga kamuwa da cutar ƙanjamau dole a fara shan sa cikin awa 72, bayan nan ba ya amfani, kuma shaidar da likita zai gani a jikinta tana gushewa da kowane wanka da kowane wanki. Injin markaɗe idan an gano shi bayan wata guda injin ne, amma waɗannan kwana uku idan sun wuce sun wuce. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja cewa ba kowace ƙara ce za ta iya jiran layi ba.

Ba zan manta wata uwa da ta kawo mana ɗiyarta 'yar shekara 9, mai tallan gyaɗa, a rana ta biyar ba. Kwana huɗun farko sun tafi a zaure, dangin wanda ake zargi suna zuwa da goro da ban haƙuri, kawunnan yarinyar suna cewa a rufa asiri kada ta rasa mijin aure. Uwar ta wanke zanen tas ta goge shi, ta naɗe shi a leda ta zo da shi, tana ganin ta kawo shaida. Da aka kai ƙara, a gaban maza biyar da wasu masu jiran beli aka tambayi yarinyar abin da ya faru, ita kuwa ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Bayan kwana biyu mutumin ya dawo bakin shagonsa a layin da take bi kullum.

Dokoki muna da su. A 2021 jihar Sakkwato ta amince da dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane, kuma akwai Cibiyar Nana Khadija da aka buɗe a 2020 a Asibitin Ƙwararru, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu kyauta. Amma mutane da yawa a ƙauyuka ba su san da ita ba, kuma hanyar zuwa wurinta sau da yawa ta caji ofis take bi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin abin da ake buƙata ba fetur ba ne. Ɗaki ne mai ƙofa, da 'yar sanda mace da za ta zauna da yarinyar, da umarnin cewa a fara kai ta asibiti kafin a gama rubuce-rubuce. Haka kurman da aka yi wa sata, wanda babu mai fahimtar maganar hannunsa sai a yi dariya a sallame shi, da mai taɓin hankali da ake ɗauka duk abin da ya faɗa ciwo ne ke magana. Ƙarancin kuɗi gaskiya ne, amma an mayar da shi bargon da ake lulluɓe har abin da bai shafi kuɗi ba.

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa, ya amsa:

Hajiya, a kan maganar yara babu mai ja da ke. Amma ku yi mini uzuri, ni ban gamsu da a yi jerin sunayen waɗanda za a fifita ba, kuma ba don ina da shago nake faɗa ba, domin mu tuni muka haƙura muka ɗauki masu gadi muna biyansu duk wata.

Ku dubi ɗan kabu-kabun da aka ba babur yana kai balas kullum. Saurayi ne majiyi ƙarfi, ba ya cikin tsofaffi, ba ya cikin yara, ba naƙasasshe ba ne. Ranar da aka ƙwace babur ɗin nan, shi da mahaifiyarsa da ƙannensa sun rasa abinci, ga mai babur yana jiran kuɗinsa. Idan aka ce masa ƙararsa ta sahu na biyu ce, me kuke tsammani shi da abokan sana'arsa za su yi ranar da aka yi ihun ɓarawo a bakin titi? Mun ga yadda ake taruwa a kan wanda ake zargi kafin a tabbatar da komai, kuma abin da ke rura wannan wutar shi ne yaƙinin cewa kai shi caji ofis ɓata lokaci ne. Ɓarayi ma suna jin rediyo. Ranar da suka ji an sanar cewa satar babur da waya ba su ne gaba ba, an ba su lasisi ke nan.

Sannan mun san halinmu. Da zarar an ce tsofaffi ne gaba, kowa zai ɗauko kakarsa ta zo ta shigar masa da ƙara.

Ɗalibi daga Gawon Nama ya amsa:

Alhaji, damuwarka tana da tushe, kuma an gwada wannan abu a Ingila, inda na yi karatu na ɗan lokaci. Daga 2010 gwamnatinsu ta shiga tsuke bakin aljihu, kuma kafin 2018 yawan 'yan sanda a Ingila da Wels ya ragu da kusan 20,000. Rundunoninsu suka koma tantance kowane kira da wasu tambayoyi: wace barazana ake fuskanta, wace irin cuta za ta iya biyo baya, akwai abin da za a iya bincika, kuma mai kiran zai iya kare kansa? Wanda amsarsa ta nuna haɗari a je wurinsa, sauran a ɗauki bayaninsu ta waya.

Abin da ka ji tsoro ya faru. A 2015 shugabar majalisar shugabannin 'yan sandansu, Sara Thornton, ta faɗa a fili cewa ba lallai ne a je kowane gidan da aka fasa ba, kuma a shekarar ce aka gano rundunar yankin Lesta ta yi gwajin tura masu ɗaukar shaida gidajen da aka yi yunƙurin fasawa idan lambar gidan ta rabu biyu daidai, ta bar sauran. Jama'a suka fusata. A 2019 gwamnati ta yi alkawarin ɗaukar sababbin 'yan sanda 20,000, kuma a 2022 shugabannin rundunonin suka amince za a riƙa zuwa duk gidan zama da aka fasa.

Amma akwai abu biyu da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu. Na farko, ba su auna rauni da shekaru ko jinsi kaɗai, suna auna shi da halin da mutum ke ciki, wato ko zai iya kare kansa daga cuta a wannan yanayin. Da wannan ma'auni ɗan kabu-kabun Alhaji da aka tare da adda ya shiga, kakar da aka ɗauko don ta shigar da ƙarar bashi kuwa ba ta shiga ba. Na biyu ya faru tun kafin a rage kuɗin. A 2007, a wannan yankin na Lesta, wata uwa ta halaka kanta da ɗiyarta naƙasasshiya bayan shekaru da matasan unguwa suna jifan gidansu suna tsangwamarsu, kuma bincike ya nuna an tuntuɓi 'yan sanda sau 33. Kowane kira an ɗauke shi ƙaramin abu, babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya ga gida ɗaya ne ake ta cuta. Littafin da Baba Sufeto ya ambata ya kamata ya iya nuna wanda ya dawo karo na uku.

Bagobiri mazaunin Kwannawa ya amsa:

Na karanta duka, kuma ina roƙon ku leƙa gabas da mu kaɗan. Ni ɗan ƙasar Sabon Birni ne, rashin tsaro ya dawo da ni cikin gari. A wurinmu maganar wa za a fara saurara ba ta taso ba, domin tsakanin ƙauye da caji ofis akwai hanyar da ba a bi sai da addu'a. A watan Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. A Maris na 2024 aka kwashe almajirai 15 daga makarantar allo a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada, kuma a Agustan shekarar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Idan uban ƙasa bai tsira ba, ku auna matsayin matar da ke zuwa itace.

A ganina rauni na farko a jihar nan shi ne wurin da mutum yake kwana. Duk ƙa'idar da za a kafa ta fara da kallon inda aka jibge ma'aikata da motoci a ƙananan hukumomi 23, a kwatanta da inda ake zubar da jini. Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024 sun san daji, amma ba su ne masu rubuta ƙara su kai kotu ba, saboda haka wanda aka karɓe wa shanu ko aka biya masa kuɗin fansa ba shi da ko takardar da ke nuna an cuce shi.

Waɗanda suka gudo ma ba su tsira ba. Mata da yara suna kwana a kangaye marasa ƙofa a gefen gari, mai unguwa bai san sunansu ba, kuma idan an taɓa su ba sa kai ƙara saboda tsoron kada mai kangon ya kore su.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Baba Sufeto, jiya na koma tare da mai unguwarmu, kuma na roƙi a nuna mini inda aka shigar da ƙarar a littafi, aka nuna mini. Ɗan sandan da aka ba binciken ya hau bayan babur ɗina muka je gidan, ya ga inda aka kankare katanga wajen haurowa, ya kuma ce zai zagaya wurin masu sayen tsofaffin injuna da lambar da ke jikin rasiɗin, wanda Allah ya sa Inna ta adana a cikin kwalla. Awakin kam ya ce kada mu sa rai. Mutanen layinmu sun fara haɗa kuɗi bayan sallar isha'i don a sayo mata wani injin ko da na hannu ne. Malama, babbar jikar tata 'yar shekara 11 ce, kuma tun ranar da aka sace injin ta fara fita tallan ƙuli-ƙuli.